Zaɓen kwamfutar tafi-da-gidanka: Faɗin allo ko sauƙin ɗauka?

Masu aikin tace bidiyo da ke yawan tafiye-tafiye kan shiga tsaka mai wuya idan suka tashi sayen kwamfutar tafi-da-gidanka, domin abin da aikinsu ke buƙata ya kan yi karo da abin da jakarsu ke iya ɗauka.

Aikin bidiyo na son allo mai faɗi da inji mai ƙarfi, ita kuwa tafiya ta fi son na'ura maras nauyi wadda batirinta zai kai mutum har yamma.

A shekarar 1981 aka fito da Osborne 1, wadda ake ɗauka a matsayin kwamfutar ɗauka ta farko da ta samu karɓuwa a kasuwa. Nauyinta ya kusa kilo 11, allonta kuma inci 5 ne kacal.

A yau ana samun na'urar da ba ta kai kilo ɗaya da rabi ba, amma tana iya tace fim sukutum. To sai dai kuskure wajen zaɓe na da tsada, domin akwai sassan da ba a iya sauyawa da zarar an biya kuɗi.

Yadda ake auna allo

Ana auna girman allo ne daga kusurwa guda zuwa wadda ke fuskantarta, wato a karkace, kuma inci ɗaya daidai yake da santimita 2.54.

Don haka bambancin inci biyu ya fi yadda ake zato girma. Allo mai inci 16 ya fi mai inci 14 fili da kusan kashi 30 cikin ɗari, idan siffarsu ɗaya ce.

Wannan filin na da amfani ga mai tace bidiyo, domin manhajojin aikin irin su Premiere Pro da DaVinci Resolve kan raba allo gida-gida: wurin kallon hoto, wurin ajiye guntayen bidiyo, da kuma dogon layin da ake jera su a ƙasa tare da sauti.

A kan allo mai inci 13, sai mutum ya riƙa rufe wani gida kafin ya buɗe wani, abin da kan jawo ɓata lokaci da gajiyar ido.

Siffar allon ma abin dubawa ce. Shekaru da dama kamfanoni sun fi ƙera allo mai ma'aunin 16:9, irin na talabijin. Daga baya da yawansu sun koma 16:10, wanda ke da ɗigo 1200 daga sama zuwa ƙasa a maimakon 1080. Ƙarin kusan kashi 11 cikin ɗari ke nan, kuma a nan ne layin tacewa ke samun wurin zama.

Farashin wannan faɗi shi ne nauyi. Idan aka ɗauki na'urorin kamfanin Apple a matsayin misali, MacBook Air mai inci 13 na da nauyin kilo 1.24, MacBook Pro mai inci 14 kimanin kilo 1.6, mai inci 16 kuma kimanin kilo 2.1.

Manyan kwamfutocin wasanni masu inci 17 kan zarce haka, kuma cajarsu kaɗai ta kan kai rabin kilo ko fiye.

Ingancin allo

Ba kowane babban allo ne ke nuna launi na gaskiya ba. Tsofaffin alluna masu araha, waɗanda ake kira TN, kan sauya launi da zarar mutum ya ɗan karkata kansa. Wanda ya gyara hasken fuskar ɗan wasa a kan irin wannan allo zai iya ganin wani abu daban idan bidiyon ya hau waya.

Abin da ake nema shi ne allon IPS ko OLED, wanda ke nuna dukkan launukan ma'aunin sRGB ko kusa da haka.

Ana auna hasken allo da nit. Mai nit 300 ya isa aikin cikin ɗaki, amma mai aiki a tsakar gida ko a wurin ɗaukar fim na buƙatar 400 zuwa 500.

Allon 4K kuwa, mai ɗigo 3840 a kwance da 2160 a tsaye, ya ninka na 1080 sau huɗu a yawan ɗigo. A kan inci 14 ido ba ya cika bambancewa, amma batir na ji a jikinsa.

Injin da ke ciki

Kamfanin Adobe na ba da shawarar ƙwaƙwalwar aiki, wato RAM, mai gigabait 16 ga masu tace bidiyon 1080, da kuma 32 ga masu aiki da 4K.

A nan ne mai saye ya kamata ya fi yin taka-tsantsan. A kwamfutocin tafi-da-gidanka na Apple na yanzu, da kuma siraran kwamfutoci da dama na wasu kamfanoni, RAM a manne yake da jikin injin. Wanda ya sayi mai gigabait 8 ba shi da damar ƙarawa daga baya.

Ma'ajiyar bayanai kuma ta kasance SSD, domin tsohon faifai mai juyawa ba shi da sauri, kuma bugu kaɗan a hanya kan iya lalata shi.

Bidiyo na cin wuri matuƙa. Wayar iPhone da ke ɗaukar 4K mai hoto 60 a daƙiƙa na cin kimanin megabait 400 a minti ɗaya, wato gigabait 24 a sa'a guda. Ma'ajiya mai gigabait 256 ba za ta daɗe ba ta cika, don haka 512 shi ne mafi ƙaranci, tare da wata SSD ta waje don ajiye kwafi na biyu.

Akwai dabarar da ke rage wa ƙaramin inji wahala. Manhajojin tacewa na iya yin kwafi maras nauyi na kowane bidiyo, a yi aikin yanka da jerawa da shi, sannan a koma kan na asali a lokacin fitarwa.

Dokokin jirgin sama

A ajin masu ƙaramin tikiti, kamfanonin jiragen sama irin su Emirates da Qatar Airways na ƙayyade jakar hannu a kan kilo 7. Babbar kwamfuta da cajarta kan cinye kusan rabin wannan nauyi, kafin a zo batun kyamara.

Ƙa'idojin sufurin jiragen sama na duniya sun amince fasinja ya shiga da batirin da bai wuce Wh 100 ba. Daga 100 zuwa 160 sai da iznin kamfanin jirgi. Wannan ne ya sa batirin manyan kwamfutoci, ciki har da MacBook Pro mai inci 16, ya tsaya a daidai wannan iyaka.

Batirin ko-ta-kwana da ake cajin na'ura da shi kuwa, ba a yarda a saka shi cikin akwatin da ke shiga ƙarƙashin jirgi ba.

An ƙara tsaurara matakai bayan gobarar da ta tashi a wani jirgin Air Busan a Koriya ta Kudu cikin watan Janairun 2025, wadda masu bincike suka alaƙanta da irin wannan batir. Daga ranar 1 ga Oktoban 2025, kamfanin Emirates ya haramta amfani da shi a cikin jirgi, ko da yake ana iya shiga da guda ɗaya.

Zafi da kayan gwanjo

Kamfanin Apple ya ce an ƙera kwamfutocinsa na hannu ne don aiki a yanayin zafin da ke tsakanin digiri 10 zuwa 35. A biranen kamar Kano da Sakkwato da Yamai, zafi kan haura digiri 40 a watan Afrilu.

Idan inji ya yi zafi ya kan rage saurinsa da kansa don kare kansa daga lalacewa. Siraran na'urori marasa fanka, irin su MacBook Air, sun fi saurin shiga wannan hali idan ana fitar da dogon bidiyo. Masu fanka kuma kan shaƙi ƙurar hunturu, don haka suna buƙatar shara lokaci-lokaci.

Masu sayen kwamfutar hannu, wato tokumbo, a wurare irin su Computer Village da ke Ikeja ko titin Beirut a Kano, na da nasu abin lura. Rubutun Core i7 kaɗai bai isa ba, sai an duba zubin da injin ya fito. Misali, i7-6600U na zubi na 6 ne, kuma i5-8250U na zubi na 8 ya fi shi ƙarfi.

Bugu da ƙari, kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba bai wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma akasarin injinan Intel da suka gabaci zubi na 8 ba sa cikin jerin waɗanda aka amince su ɗauki Windows 11.

Ga wanda ke kan hanya kowane mako, inci 14 mai RAM 16 shi ne matsakaicin zaɓi, musamman da yake ana iya haɗa shi da talabijin ko babban allo ta wayar HDMI idan an sauka. Wanda kuwa kwamfutar ce kaɗai ɗakin tacewarsa, kuma tafiyarsa ba ta wuce sau biyu ko uku a shekara, inci 16 zai fi biya masa buƙata.