Idan Motar Uber Ta Yi Hatsari, Wa Zai Biya Diyya?

A daren 31 ga Disamba, 2013, wata mata da 'ya'yanta biyu suna tsallaka titi a birnin San Faransisko na ƙasar Amurka, a daidai wurin da aka keɓe wa masu tafiya a ƙasa, sai wata mota ta karyo kwana ta banke su. Uwar da ɗanta namiji suka ji raunuka. 'Yar, mai shekara 6, rai ya yi halinsa. Direban yana aiki ne da kamfanin Uber, manhajarsa a kunne, yana zaga gari yana jiran kira. Babu fasinja a motar.

Wannan rashin fasinja shi kamfanin ya kafa hujja da shi. Ya ce tunda direban bai ɗauko kowa ba, bai kuma amsa kiran kowa ba, inshorar kamfani ba ta shafi lamarin ba. Iyalan yarinyar suka garzaya kotu a farkon 2014. Tambayarsu ita ce: mutumin da ya fito da motarsa, ya kunna manhaja yana dakon fasinja, in ba aikin kamfani yake yi ba, to aikin wa yake yi? An sasanta a 2015. Amma tun kafin nan maganar ta kai majalisar jihar Kalifoniya, wadda a 2014 ta zartar da dokar da ta tilasta a tanadi inshora tun daga lokacin da direba ya kunna manhaja. Jihohi da dama suka bi sahu.

Tushen rigimar shi ne matsayin direba. A ƙa'idar shari'a, idan ma'aikaci ya yi ganganci a bakin aiki ya ji wa wani rauni, ana iya kama ubangidansa da alhaki. Su kuwa Uber da takwaransa Lyft cewa suke direbobin ba ma'aikatansu ba ne, masu cin gashin kansu ne, kamfani haɗa su da fasinja kawai yake yi ya karɓi la'ada, kamar dillali a kasuwar kara. Sai dai wannan dillalin shi ke yanke farashi, shi ke zaɓar direban da zai tura, shi ke bibiyar aikinsa, kuma ran da ya ga dama ya rufe masa manhaja. Irin waɗannan dalilai ne suka sa Kotun Ƙolin Birtaniya a Fabrairun 2021 ta ce direbobin da suka kai ƙarar Uber ma'aikata ne masu haƙƙin mafi ƙarancin albashi da hutu. A Kalifoniya kuwa akasin haka aka samu: kamfanonin sun kashe sama da dala miliyan 200 wajen kamfen, masu jefa ƙuri'a suka amince a Nuwamban 2020 cewa direbobin su ci gaba da zama masu zaman kansu, Kotun Ƙolin jihar kuma ta tabbatar da hakan a Yulin 2024.

Saboda haka a Amurka yau, abin da lauya zai fara tambaya bayan hatsari shi ne halin da manhajar direba take ciki a wannan minti. In a kashe take, direban mai mota ne kamar kowa, inshorarsa ta kansa ce za a nema. In a kunne take yana jiran kira, akwai ɗan abin da kamfani ya tanada, wanda a yawancin jihohi dala 50,000 ne ga mutum ɗaya da ya ji rauni, dala 100,000 ga duk waɗanda hatsarin ya rutsa da su, da dala 25,000 na ɓarnar dukiya. Da zarar ya amsa kira kuwa, har zuwa lokacin da fasinja ya sauka, inshorar kan kai dala miliyan 1. Tsakanin dala 50,000 da miliyan 1, taɓa fuskar waya sau ɗaya ne. A ƙasar da tiyata ɗaya da 'yan kwanaki a asibiti kan iya lashe dubban daloli masu yawa, wannan bambanci na iya zama shi ne tsakanin warkewa cikin rufin asiri da bashin da zai bi mutum shekaru.

Fasinja ya fi kowa samun sauƙi, domin da wuya a ɗora masa laifi, kuma zamansa a motar shaida ce cewa ana cikin tafiya. Mai tafiya a ƙasa ko mai wata motar sai ya nemi bayanan da ke hannun kamfani kafin ya san inda ya dosa. Direban kansa shi ne abin tausayi. Inshorar mota ta gida yawanci ba ta biya idan haya ake yi da motar, kuma a yawancin jihohi ba ya cikin tsarin diyyar da ake ba ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki.

Ita ma dala miliyan 1 ɗin iyaka ce, ba alkawari ba. Sai wanda ya ji rauni ya tabbatar da laifin wane ne, ya kawo takardun asibiti, da lissafin albashin da ya rasa, da bayanin wahalar da ya sha. Kwana biyu ko uku bayan hatsari waya kan yi ƙara. Jami'in kamfanin inshora ne, murya a tausashe, ya yi jaje, ya nemi izinin naɗar hirar, sannan ya tambayi jiki. Mutum saboda ladabi ya ce da sauƙi. Bayan mako guda wuya ya sanƙare, kai ya riƙa sarawa, likita ya gano ƙwaƙwalwa ta girgiza, amma wancan "da sauƙi" yana nan a naɗe. Wani lokaci har tayin kuɗi ake yi nan take, da takardar da in aka sa mata hannu an rufe maganar ke nan, ko da ciwon ya tsananta daga baya. Shi ya sa lauyoyi ke nanata cewa a je asibiti a ranar, ko da ba a ga jini ba, kuma kada a yi gaggawar sa hannu. Lauyoyin wannan fanni galibi ba sa karɓar kuɗi a farko, sai an yi nasara su ɗauki kusan kashi ɗaya cikin uku. Lokacin shigar da ƙara ma ƙayyadadde ne: shekara biyu a Kalifoniya, uku a jihar New York, Fulorida kuma ta rage nata daga huɗu zuwa biyu a 2023.

Akwai wani tarko da ya fi ɓoyuwa. A 2022 wasu ma'aurata a jihar New Jersey suka ji munanan raunuka a motar Uber, suka kai ƙarar kamfanin. A Satumban 2024 kotun ɗaukaka ƙara ta ce ba su da damar a yi shari'ar a buɗaɗɗiyar kotu, domin sharuɗɗan da aka amince da su a manhaja sun ce duk wata rigima a gaban mai sasanci mai zaman kansa za a warware ta. Ma'auratan sun ce 'yarsu ƙarama ce ta danna amincewar ƙarshe lokacin da take odar abinci ta Uber Eats da wayar uwar, amma hakan bai sauya hukuncin ba. Abin damuwa ne ƙwarai a ce haƙƙi mai girma irin wannan yana salwanta a cikin rubutun da kusan babu mai karantawa.

Maganar ta iso gida, tunda Uber ya shigo Legas a 2014 da Abuja a 2016, Bolt ma a 2016 ya fara aiki a Najeriya da tsohon sunansa Taxify. Doka ta wajabta wa kowace mota inshorar da ke kare wanda aka yi wa ɓarna. Daga Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta NAICOM ta mayar da kuɗin inshorar naira 15,000 ga motar gida, tana ɗaukar ɓarnar dukiya har naira miliyan 3. Amma motar da aka yi wa takardar amfanin gida sannan aka shiga haya da ita na iya ba kamfanin inshora kafar zillewa, wasu takardun ma na bogi ne. Sau da yawa kuma maganar ba ta kai can. Direba ya ba da haƙuri, 'yan uwa su ce ƙaddara ce, a biya kuɗin ɗinki a watse, wanda ya karye ya ci gaba da jinya da aljihunsa. Yarda da ƙaddara bai hana neman haƙƙi ba, kuma diyyar rauni sananniyar aba ce a shari'ar Musulunci.

Abin da zai tsaya wa fasinja a nan shi ne shaida: hoton shafin tafiyar mai ɗauke da sunan direba da lambar mota, rahoton 'yan sanda ko na jami'an hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC, rasit ɗin asibiti, da sanar da kamfani ta cikin manhaja tun da wuri. Wannan ne ya sa wata ɗabi'a da ta yaɗu a Legas da Abuja take da haɗari, inda direba zai iso ya ce a soke tafiyar a manhaja a yi ciniki da baki, don ya tsira da la'adar kamfani. Fasinja na iya samun ragin 'yan ɗaruruwan naira. Amma in motar ta yi karo a hanya, a rajistar kamfani ba a yi wannan tafiyar ba, duk wata kariya da ya tanada ba za ta hau kanta ba, sai fasinja ya nemi haƙƙinsa a hannun direban shi kaɗai.