Wawaso ko ganima? Abin da "loot" ke nufi

A watan Oktoban 2020, lokacin da jama'a suka fasa rumbun kayan tallafin korona a Gwagwalada, wani ɗauke da buhun shinkafa a ka, wani rungume da kwalin taliya, jaridun Turanci na Abuja kalma ɗaya suka riƙa bugawa: "looting". Mu wawaso muke cewa.

Asalin "loot" ba Turanci ba ne. Daga harshen Hindi Turawan Ingila suka aro ta a ƙarni na 18, suna tsakiyar kwashe dukiyar Indiya. Tana nufin aikin, tana kuma nufin kayan da aka kwasa. Shi ya sa ake cewa "Abacha loot", kamar dala miliyan 321 da Suwizalan ta dawo wa Najeriya da su a 2017.

"Plunder" kuwa daga Jamusanci ta fito, kuma ta fi kusa da kwasar ganimar yaƙi.

Abin da ke damuna shi ne a jera mai yunwa da wanda ya wawure baitulmali ƙarƙashin kalma guda. Hausa ta raba su: wawaso daban, handama da babakere daban.