Zakarun San Faransisko: Girmamawar Da Ta Makara Da Shekara 56

A ran 2 ga watan Janairu, 1951 ta riga ta zama tarihi ga yawancin jama'ar da suka cika filin wasa na garin Glendale a Jihar Arizona ta Amurka cikin 2008, don kallon babban wasan nan da ake kira Fiesta Bowl. Amma a ranar ce aka karrama waɗansu dattawa masu furfura, watau waɗanda suka rage daga 'yan wasan Jami'ar San Faransisko na shekarar 1951. Shekara 56 ke nan da suka cancanci shiga fili irin wannan, aka hana su.

Wasan da ake magana a kansa shi ne ƙwallon Amurka, wanda ya sha bamban da ƙwallon ƙafa. Ƙwallon tana da siffar ƙwai, ana rungume ta a hannu a ruga da ita, abokan karawa kuwa su yi ƙoƙarin kayar da mai ita ƙasa. Bisa al'ada, idan kakar wasa ta ƙare, manyan garuruwa sukan gayyaci ƙungiyoyin jami'o'in da suka fi bajinta su kara a farkon sabuwar shekara. Gayyatar nan daraja ce, kuma kuɗi ne masu yawa ga jami'a.

Ƙungiyar San Faransisko, wadda ake wa laƙabi da Dons, ta yi wasa tara a 1951 a ƙarƙashin mai horarwa Joe Kuharich, ta cinye dukansu, ba kashi ba kunnen doki. Ta je har birnin New York ta doke Fordham da 32 da 26, ta rufe kakar da lallasa Loyola da 20 da 2. Gwarzonta Ollie Matson ya yi gudun yadi 1,566 da ƙwallo a hannu, abin da babu ɗan wata jami'a da ya kai a Amurka a shekarar.

To, sai dai Matson baƙar fata ne, haka ma Burl Toler, ginshiƙin masu tsaron baya. Manyan wasannin nan kuwa yawancinsu a jihohin Kudu ake yin su, inda doka da al'ada suka raba fari da baƙi a makaranta da otal da wurin cin abinci. 'Yan wasan sun sha ba da labarin cewa saƙo ya iso musu za a iya gayyatarsu Orange Bowl a Miami, muddin za su bar mutum biyun nan a gida. Suka ƙi. Hujjar da aka bayar a fili ita ce wai ba su kara da manyan ƙungiyoyi ba, aka ɗauki Georgia Tech da Baylor. Duk wanda ya san Kudancin Amurka na wancan zamani zai iya auna nauyin wannan hujja.

Ƙin da suka yi ya ci musu da tsada. Jami'ar ƙarama ce, ta limaman Katolika, ta kuma daɗe tana asara a kan wasan. Da kuɗin gayyatar suka kuɓuce, sai hukumarta ta rushe ƙungiyar tun kafin a shiga wata kaka.

Lokaci ne ya nuna irin mutanen da aka raina. Uku daga cikinsu, Matson da Gino Marchetti da Bob St. Clair, sun shiga zauren tunawa da gwarazan ƙwararrun 'yan wasan Amurka. Matson ya je wasannin Olamfik na Helsinki a 1952, ya komo da lambar tagulla a tseren mita 400 da ta azurfa a tseren miƙa sanda. Har ma saurayin da ke yi wa ƙungiyar aikin watsa labarai, Pete Rozelle, shi ya shugabanci hukumar NFL daga 1960 zuwa 1989. A 2006 jami'ar ta ba ƙungiyar baki ɗayanta digirin girmamawa.

Shi kuwa Toler, ƙaddara ta kai shi wata hanya dabam. Ya ji mummunan rauni a gwiwa a wasan zaɓaɓɓun ɗalibai na 1952, bai taɓa buga wasan ƙwararru ba. Sai ya kama aikin koyarwa a San Faransisko har ya zama shugaban makaranta. A 1965 NFL ta ɗauke shi cikin alƙalan wasanta, baƙar fata na farko da ya riƙe wannan aiki, ya kuma shekara 25 yana yi. Ya rasu a 2009, shekara guda da 'yan watanni bayan bikin Arizona.