Fasfo Ɗaya, Ƙasa Ɗaya: Yadda Basine Mazaunin Waje Ke Sabunta Takardarsa

Alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 sun nuna cewa mutum kimanin miliyan 10 da aka haifa a ƙasar Sin suna zaune a wasu ƙasashe. Akwai ɗalibai a jami'o'in Amurka da Ingila, akwai injiniyoyi masu shimfiɗa layin dogo a Afirka, akwai 'yan kasuwa daga Legas har Milan. Duk wanda bai sauya ƙasa ba a cikinsu, rana tana zuwa da ɗan littafin nan mai jan bango zai kusa ƙarewa, ya nemi sabo. A yau aikin ya yi sauƙi ƙwarai, galibinsa a wayar hannu ake yin sa. Sai dai a cikin takardun da ake cikewa akwai tambaya guda da ta fi kuɗin da ake biya da hoton da ake ɗauka nauyi: har yanzu kai namu ne mu kaɗai, ko ka karɓi wata ƙasa?

Abin da doka ta tanada

Dokar fasfo ta ƙasar Sin an zartar da ita a Afrilun 2006, ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2007. Kafin nan fasfon gama-gari shekara biyar yake yi, idan ya ƙare a buga masa hatimin ƙarin wa'adi. Sabuwar dokar ta soke wannan. Wanda ya kai shekara 16 ana ba shi na shekara goma, wanda bai kai ba na shekara biyar, kuma idan wa'adi ya cika babu ƙari, sai dai sabon littafi da sabuwar lamba. Daga watan Mayun 2012 aka soma bayar da fasfo mai ɗauke da ƙwayar na'ura a bangonsa, mai shafi 48, wanda lambarsa ke farawa da harafin E a maimakon G na da.

A cikin gida, Hukumar Shige da Fice ta Ƙasa, wadda aka kafa a 2018, ita ke da alhakin wannan aiki ta hannun ofisoshin 'yan sanda. A waje kuwa ofisoshin jakadanci da ƙananan ofisoshinsu ne, ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Waje. Wannan ba al'adar Sin kaɗai ba ce. Yarjejeniyar Vienna ta 1963 kan hulɗar ƙananan ofisoshin jakadanci ta lissafa ba wa 'yan ƙasa fasfo cikin ayyukan irin waɗannan ofisoshi, kuma Sin ta shiga yarjejeniyar a 1979.

Kowane ofishi yana da yankinsa, kuma mutum zai nemi fasfo ne a ofishin da ke kula da inda yake zaune. A Najeriya akwai ofishin jakadanci a Abuja da ƙaramin ofishi a Legas. A Amurka, bayan na Washington, akwai ƙananan ofisoshi a New York, San Francisco, Los Angeles da Chicago. Da akwai na biyar a Houston, wanda shi ne na farko da Sin ta buɗe a ƙasar a 1979, amma gwamnatin Amurka ta ba da umarnin rufe shi a Yulin 2020, Sin ma ta rama da rufe na Amurka a Chengdu. Sinawan jihohin kudu takwas, daga Texas har Florida, suka wayi gari harkarsu ta koma Washington. Rigimar manya ce, amma ɗalibi da mai gidan abinci su suka fara jin ta a jika.

Daga layi zuwa manhaja

Shekarun baya sabunta fasfo yana nufin ɗaukar hutu daga aiki, doguwar tafiya zuwa birnin da ofishin yake, bin layi, sannan a sake komawa karɓa. Annobar korona ta sa ofisoshi suka rufe ƙofofinsu, kuma a watan Mayun 2021 Ma'aikatar Harkokin Waje ta fito da manhajar waya mai suna Zhongguo Lingshi, wadda yanzu ta zama babbar hanyar neman fasfo daga waje.

Ana iya farawa idan abin da ya rage wa fasfo bai kai shekara ɗaya ba, ko shafukansa sun cika, ko ya lalace, ko kamannin mai shi sun sauya sosai. Mai nema zai yi rajista, manhajar ta gwada fuskarsa da hoton da ke rumbun gwamnati, ya cike bayanansa, ya ɗora hoto mai farin baya, tsawonsa milimita 48, faɗinsa 33. Zai sa hannu a kan sanarwar matsayin ƙasarsa. Idan jami'i yana da shakka, ko kuwa fasfon ɓata ya yi, ko na ƙaramin yaro ne, sai a sa lokacin ganawa ta bidiyo, a ga mutum ido da ido a yi masa tambayoyi. Bayan an amince, ya biya kuɗi, ya aika tsohon fasfo ta gidan waya ko ya kai da kansa, gwargwadon tsarin ofishin. A Sin ake buga littafin a turo shi, shi ya sa ofisoshi kan ce a saurara kamar kwanakin aiki 15. Tsohon fasfo ana yanke masa kusurwa a mayar wa mai shi tare da sabon.

Kuɗin ma ba shi da yawa. A cikin gida an rage shi daga yuan 200 zuwa 160 a 2017, sannan zuwa 120 a 2019, kuma na waje bai yi nisa da haka ba. Wanda ya yi komai daga nesa ba a ɗauki zanen yatsunsa ba, fasfonsa yana aiki, illa dai ba zai bi ta ƙofar nan mai sarrafa kanta a filin jirgin Sin ba sai ya je an ɗauka.

Wahalar da ke biyo baya ta sabuwar lamba ce. Biza ko takardar izinin zama tana manne da tsohon littafi. Tun Nuwamban 2014 Amurka ke ba Sinawa bizar ziyara ta shekara goma, wadda sau da yawa takan fi fasfon da aka buga ta a kai tsawon rai, don haka matafiyi sai ya riƙa ɗaukar littafi biyu, ya kuma sake rajista a tsarin Amurka na rajistar masu biza, wato EVUS, da sabuwar lambar. A Sin ma haka. Dokar shige da fice da ta fara aiki a Yulin 2013 ta yarda Basinen da ya zauna a waje ya yi amfani da fasfo a matsayin shaidar kansa a banki, a asibiti, a makaranta da wajen rajistar gida. To amma asusun da aka buɗe da tsohuwar lamba bai san sabuwa ba. Masu wayo kan nemi ofishin ya rubuta lambar tsohon fasfo a shafin bayani na sabon, domin ma'aikacin banki ya gane mutum ɗaya ne.

Taura biyu

Mu koma ga sanarwar nan da ake sa wa hannu. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1980 gajeriya ce, kuma ba ta da ɓoye-ɓoye. Sashe na 3 ya ce Sin ba ta amince ɗanta ya riƙe ƙasa biyu ba. Sashe na 9 ya ce wanda ya zauna a waje kuma ya karɓi wata ƙasa da son ransa, ya rasa ta Sin kai tsaye, ba sai an yi zama a kansa ba. Taura biyu ba ta taunuwa, in ji masu magana, kuma a nan doka ce ta faɗa.

Ranar sabunta fasfo ita ce ranar da wannan doka ke cin karo da mutum. Shekara tara yana iya ajiye littafi biyu a aljihun tebur babu wanda ya tambaye shi. A ta goma sai ya sa hannu cewa bai karɓi wata ƙasa ba, kuma ana iya cewa ya nuna da wace takarda yake zaune a inda yake. Wanda ya zama ɗan Kanada ko Ostireliya ba shi da biza ko katin zama da zai nuna, domin ɗan ƙasa ba ya buƙatarsu. Rashin takardar shi ke tona shi. Daga nan abin da ya rage masa shi ne ya shiga Sin kamar kowane baƙo idan zai je gaida iyayensa.

Wannan tsauri yana da tarihi. Dokar zama ɗan ƙasa ta farko da daular Qing ta Sin ta yi a 1909 jini ta bi: ɗan Basine Basine ne ko a ina aka haife shi. Haka ya sa miliyoyin Sinawan Kudu maso Gabashin Asiya suka zama masu ƙasa biyu, kuma da ƙasashen yankin suka sami 'yanci, gwamnatocinsu suka riƙa yi musu kallon 'yan leƙen asirin Beijing mai bin kwaminisanci. A Afrilun 1955, lokacin taron Bandung, Firaministan Sin Zhou Enlai ya sa hannu kan yarjejeniya da Indunusiya cewa kowa ya zaɓi ɗaya. Manufar da aka ƙirƙira don kwantar da hankalin maƙwabta da kare Sinawan ƙetare daga zargi, ita ce yau ke tsaye a gaban injiniyan da ya yi shekara ashirin a Toronto.

Yara su suka fi shiga tsaka mai wuya. Sashe na 5 ya ce ɗan da Basine ya haifa a waje ɗan Sin ne, sai fa idan mahaifi ko mahaifiya Basinen ya riga ya zauna dindindin a can kuma jaririn ya sami ƙasar wurin tun haihuwa. Saboda haka ɗalibai biyu da suka haihu a Amurka, ɗansu Ba'amurke ne a idon Washington, Basine ne a idon Beijing. Irin wannan yaro ba a buga masa bizar Sin a fasfon Amurka, sai a ba shi wata takardar tafiya ta musamman mai wa'adin shekara biyu. Maƙwabcinsu kuwa mai katin zaman dindindin, ɗansa baƙo ne, biza zai nema. Abin ya shafe mu 'yan Najeriya ma. Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ba ɗan da ɗan Najeriya ya haifa 'yancin zama ɗan ƙasa ko a waje aka haife shi, kuma bai hana ɗan ƙasa na haihuwa riƙe wata ƙasa ba. Ɗan kasuwarmu da ya auri Basiniya a Guangzhou suka haihu a can, Najeriya tana cewa yaron nata ne, Sin ma a ƙarƙashin sashe na 4 tana cewa nata ne ita kaɗai.

Waɗanda ƙofa ke rufe wa

Sauƙin manhaja na wanda gwamnati ba ta da matsala da shi ne. Sashe na 13 na dokar fasfo ya jera waɗanda za a hana, kamar mai shari'a a kansa da mai takardun jabu, sannan ya ƙara da wanda hukumomi suke ganin fitarsa za ta cutar da tsaro ko muradun ƙasa. Wannan jimla ta ƙarshe tana da faɗi, kuma hukuma ce ke auna ta.

Musulmin Uygur na yankin Xinjiang sun fi kowa sanin haka. A 2016 ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoton cewa an umarci mazauna yankin su miƙa fasfonsu ga 'yan sanda. A Yulin 2017 jami'an tsaron Masar suka kama ɗaliban Uygur da dama a Alƙahira, cikinsu har da na jami'ar Azhar. Tun daga lokacin ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam da 'yan jarida sun tattara shaidar Uygur mazauna Turkiyya da Saudiyya da wasu ƙasashe waɗanda suka ce an ƙi sabunta musu fasfo, aka ce su karɓi takardar komawa gida su je can su yi. Gwamnatin Sin tana musanta cewa tana zaluntar Uygur, tana cewa matakanta a Xinjiang na yaƙi da ta'addanci ne. Ko me aka ce, sakamakon a bayyane yake: wanda fasfonsa ya mutu ba zai sabunta izinin zama ba, aiki da karatu da haya duk sun tsaya, ɗan da ya haifa ma yana iya tashi ba shi da takardar kowace ƙasa.

Hatta sauran jama'a sun ɗanɗana kaɗan daga ikon nan. A Agustan 2021, da sunan daƙile korona, hukumar shige da fice ta sanar da dakatar da ba da fasfo a cikin gida ga wanda tafiyarsa ba ta zama dole ba, ba a dawo da shi yadda yake ba sai 8 ga Janairun 2023.

Saboda haka idan za a auna wannan tsari, sai a auna shi ta fuska biyu. Ta fuskar aiki, akwai abin koyi: farashi a bayyane, wa'adi a bayyane, mutum ya gama daga ɗakinsa ba tare da ɗan tsakani ba, kuma duk ƙasar da 'ya'yanta ke kwana a ƙofar ofishin jakadanci ya kamata ta duba. Ta fuskar haƙƙi kuwa, na'ura ba ta sauya komai ba, sai ma ta ƙara wa hukuma ido, tunda fuska da adireshi da matsayin zaman kowa yanzu suna rumbu ɗaya. Ga mafi yawan Sinawan ƙetare, shawarar da ta fi amfani ita ce a fara da wuri tun fasfo yana da sauran watanni fiye da shida, a adana tsohon littafi, a rubuta tsohuwar lamba a sabon. Ga wanda ke tunanin karɓar wata ƙasa, ko iyayen da suka haifi ɗa tsakanin ƙasa biyu, gara su karanta sashe na 5 da na 9 tun kafin su yanke shawara, domin ofishin jakadanci ba ya da ikon sassauta su ranar da aka zo sabuntawa.