Yadda Bakin Titi Ya Zama Tsakiyar Gari

A da, baƙon da ya shiga gari a ƙasar Kano ba sai ya tambayi ina ne tsakiya ba. Hanyar da ta shigo ta ƙofar ganuwa ita za ta kai shi ƙofar fada, ga masallacin Juma'a a gefe, kasuwa kuma ba nisa. Bebeji gari ce mai ganuwa a kan hanyar fatake lokacin da Baturen Birtaniya Clapperton ya ratsa ta a 1826, yana tafe daga Zariya zuwa Kano. Ta nan sojojin Turawa suka biyo a farkon 1903, suka ci Bebeji da yaƙi kafin su isa Kano. Hanya ce ta ƙafa da jakai da dawaki, ba wanda ya ga dalilin ware wa mai tafiya a ƙasa gefensa, tunda hanyar dukanta tasa ce.

Mota ce ta zo ta sauya lissafi. Ita kwalta ba ruwanta da fada, inda ya fi miƙewa take bi, sai ciniki ya tashi ya bi ta. Haka Kwanar Ɗangora ta bunƙasa a kan titin Kano zuwa Zariya, haka ma Kafin Maiyaki da ke ƙaramar hukumar Kiru, inda motocin Tudun Wada da Doguwa ke ratsawa, su keta dajin Falgore su nufi Saminaka da Jos.

Wanda ya tsaya a bakin irin wannan titi da la'asar zai ga gari guda a jere. Mai faci ya jingine tsohuwar taya a matsayin alama, mai shayi ya shimfiɗa benci, hayaƙin tukubar mai tsire na tashi. Ga buhunan masara da shinkafa an jibge ana jiran lodi, ɗan kamasho na kiran saura mutum ɗaya, yara 'yan talla na bin tagogin mota da rake da dafaffen ƙwai. Duka wannan a kan 'yar tazarar da ke tsakanin kwalta da ƙofar shago ake yinsa, kuma ta nan ɗin ɗan makaranta da tsohuwa mai sanda za su wuce. Da tirela ta faka, dole su hau kan kwalta. Wannan ba ƙaramin ganganci ba ne, domin direban da ya taso daga nesa babbar hanya yake gani, su kuwa mutanen gari ƙofar gidansu ce.

Biranen Turai sun daɗe da raba hanyar tsakanin abin hawa da mai tafiya a ƙafa. Gadar Pont Neuf ta Paris, wadda aka kammala a 1607, da dakalin masu tafiya a ƙafa aka gina ta, Landan kuma ta yi dokar shimfiɗa tituna a 1762.

A Kano, yunƙurin da ya fi kusa da haka a ƙananan garuruwa shi ne titunan kilomita 5 da gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta fara a hedikwatocin ƙananan hukumomi a wa'adinta na 2011 zuwa 2015, masu hannu biyu da magudanar ruwa da fitilu. Da yawansu sun yi shekaru ba a ƙarasa ba. Garuruwan mararraba irin su Kafin Maiyaki kuwa, da yake ba hedikwata ba ne, ba su shiga tsarin ba, alhali cunkoson ƙafa da na mota a can yana da tsanani, musamman da kaka idan amfanin gona ya fito.