Malam Abubakar Gumi: Daga Ajin Maru Zuwa Rediyon Kaduna

A zamanin da, mai son jin tafsiri sai ya tashi takanas ya je ya durƙusa a zauren malami. Cikin waɗanda suka sauya wannan hali a Arewa, babu kamar marigayi Malam Abubakar Mahmud Gumi.

An haife shi a Gummi, cikin Lardin Sakkwato na lokacin, mahaifinsa kuwa shi ne alƙalin garin. Ya fara karatu a gabansa, sa'an nan ya shiga Midil ta Sakkwato, daga can ya wuce Makarantar Shari'a ta Kano.

Halinsa ya fara bayyana a 1949, sa'ad da ya ke koyarwa a Kwalejin Horon Malamai ta Maru. Ya tarar ana yin taimama alhali ga ruwa, ya ce wannan bai halatta ba sai da uzuri. Maganar ta kai har fadar Sarkin Musulmi, amma bai janye ba.

Bayan ya ƙaro ilmi a Bakht er-Ruda ta ƙasar Sudan, ya zama Alƙalin Alƙalan Jihar Arewa a 1962. A shekarar ce kuma suka kafa Jama'atu Nasril Islam tare da Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello.

Amma babban ajinsa shi ne Masallacin Sultan Bello na Kaduna. Rediyon Kaduna ya riƙa watsa tafsirinsa na watan azumi, har ya zamana manomi a Mubi da ɗan tireda a Maraɗi suna ɗaukar karatu guda. Ya kuma fassara Alƙur'ani da Hausa, domin mai karatun boko ya duba da kansa.

Wannan aiki bai tafi salin-alin ba. Littafinsa na 1972, Al-Aƙidatus Sahiha, ya soki wasu ayyukan ɗariƙu, malaman Ƙadiriyya da Tijjaniyya kuwa suka mayar da martani da nasu hujjoji. Da almajirinsa Malam Isma'ila Idris ya kafa Izala a Jos a 1978, saɓanin ya shiga masallatai, ya raba ɗa da uba a gidaje da dama.

Ya karɓi lambar Sarki Faisal a 1987, ya rasu a Landan ran 11 ga Satumba, 1992. Masoyansa da masu jayayya da shi duk sun bi hanyar rediyo da kaset da makarantun Islamiyya, talaka kuma ya saba da tambayar malami hujja. Allah ya jiƙansa, amin.