Aƙidar Kiristoci Masu Bishara a Kan Halitta, Ceto da Zamantakewa: Nazari Daga Ƙasar Gobir

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin abin da Kiristoci masu bishara suka ƙudurta game da halitta, da ceto, da wasu matsalolin zamantakewa, tare da kwatanta shi da abin da Musulunci ya zo da shi. An ɗauki ƙasar Gobir, daga Sabon Birni da Isa zuwa Tsibiri da Maraɗi, a matsayin farfajiyar nazari.

Gabatarwa

Tun zamanin da, malaman Musulunci sun yi rubutu a kan addinin Nasara bayan sun karanci littattafansa. Ibn Hazm (ya rasu 456H) ya yi haka a Al-Fisal, Al-Ƙarafi Bamalike (684H) a Al-Ajwibatul Fakhira, Ibn Taimiyya (728H) kuma a Al-Jawabus Sahih. Sai dai Nasaran da suka tattauna da su mabiya majami'un Gabas ne da na Rum. Kiristan da ɗalibin Gobir yake haɗuwa da shi a yau a kasuwa ko a asibiti, galibi ɗan wani reshe ne da bai bayyana ba sai a ƙarni na 18 a Ingila da Amurka. Wanda ya ɗauko hujjar da aka tanada domin wancan ya jefi wannan da ita, sau da yawa yana musu ne a kan abin da abokin maganarsa bai faɗa ba. Suratul Ankabut, aya ta 46, ta yi umarni da a yi jayayya da Ahlul Kitabi ta hanya mafi kyau, kuma sanin haƙiƙanin maganarsu sharaɗi ne na cika wannan umarni.

Su Wane Ne Masu Bishara?

Masu bishara, waɗanda ake kira Ibanjelika, reshe ne na Furotesta. Masanin tarihi David Bebbington ya taƙaita siffofinsu a 1989 cikin abubuwa huɗu: ɗaukar Littafi Mai Tsarki a matsayin hujja ta ƙarshe, da sanya gicciye a tsakiyar aƙida, da wajabcin tuba ta kai da kai wadda suke kira sabuwar haihuwa, da wajabcin yaɗa bishara. Ba su da Fafaroma, ba sa roƙon waliyyai, ba sa ajiye siffofi a wuraren ibadarsu. Don haka ya kamata a bambanta su da Katolika, waɗanda Bishop Matthew Kukah yake shugabanta a Sakkwato tun 2011.

Shigowarsu Ƙasar Gobir

Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, Gobirawa sun kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga baya wani ɓangare nasu ya kafa Sabon Birni. Iyakar da Ingila da Faransa suka shata ta raba dangi biyu, amma ba ta yanke auratayya da cinikayya ba. Mishan ɗin da ya fi tasiri a yankin shi ne Sudan Interior Mission, wanda Rowland Bingham da Walter Gowans da Thomas Kent suka fara a 1893. A ɓangaren Nijeriya, alƙawarin da Lugga ya yi a Sakkwato a 1903 na ƙin tsoma baki a addini ya sa an daɗe ana taƙaita aikin mishan a masarautu. Ƙofar da ta buɗe musu a shekarun 1930 ita ce ta jinyar kutare, a Amanawa kusa da Sakkwato, da Babbar Ruga a Katsina, da Yadakunya a Kano. A ɓangaren Nijar kuwa sun sauka a Damagaram a 1924, sannan Tsibiri da Maraɗi, suka buɗe asibitin Galmi a 1950. An kammala fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa a 1932. Daga wannan aiki majami'ar ECWA ta fito a Nijeriya a 1954, EERN kuma a Nijar. Littafin Barbara Cooper na 2006 a kan masu bishara na Maraɗi ya nuna yadda Gobirawa da Katsinawa ƙalilan suka zama Kiristoci alhali suna nan a harshensu da danginsu. Suna cewa Allah, da zunubi, da tuba, da alheri, kamar yadda Musulmi yake cewa, amma ma'anar da suke nufi ba koyaushe take daidai da tasa ba. Nan ne tushen yawancin rashin fahimta.

Halitta

Masu bishara sun yi imani cewa Allah ya halicci sammai da ƙasa daga babu, kamar yadda ya zo a surori biyu na farkon Littafin Farawa. Sun saɓa a kan kwanaki shidan. Wasu sun ce kwanaki ne irin namu, duniya kuma ba ta wuce 'yan dubban shekaru ba. Wannan ra'ayi ya ƙarfafa a Amurka bayan littafin Whitcomb da Morris na 1961 a kan ruwan Ɗufana. Wasu sun ce kowane yini zamani ne mai tsawo. Kaɗan kuma, irin su Francis Collins, sun karɓi ra'ayin Darwin a matsayin hanyar da Allah ya bi. Musulmi ya yi tarayya da su a halitta cikin kwanaki shida (A'araf, 54), kuma malaman tafsiri su ma sun yi magana a kan tsawon waɗannan kwanaki, bisa la'akari da irin aya ta 47 ta Suratul Hajji.

Saɓani yana wurare uku. Na farko, Farawa ta ambaci hutawa a rana ta bakwai, Suratu Ƙaf (38) kuwa ta kore gajiya daga Allah. Adalci shi ne a faɗi cewa malamansu suna fassara hutawar da kammala aiki, ba gajiya ba. Na biyu, suna ganin an yi halitta ta hannun Kalma, wato Yesu, wanda suka ɗauka madawwami ne, alhali Isa (AS) a Musulunci bawa ne abin halitta, misalinsa kamar Adamu (Ali Imrana, 59). Na uku, kuma mafi nauyi, shi ne abin da ya biyo bayan cin itaciya. A wurinsu laifin Adamu ya ɓata ɗabi'ar ɗan Adam baki ɗaya, kowa yana gadonsa, suna kafa hujja da wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa, sura ta 5. A Musulunci Adamu ya tuba, an karɓi tubarsa (Baƙara, 37), ba a ɗora wa rai laifin wani (An'am, 164), kuma hadisin Bukhari da Muslim ya tabbatar da cewa ana haihuwar kowane jariri a kan fiɗira.

Ceto

Wanda ya gane maganar zunubin gado zai gane dalilin da ya sa ceto yake tsakiyar wa'azinsu. Idan ɗan Adam ɓatacce ne tun daga tushe, to shiriya da aikin kirki ba za su ishe shi ba. Yana buƙatar wanda zai biya bashin a madadinsa. Saboda haka suka ce Yesu ya mutu a kan gicciye fansa ga mutane, ya tashi a rana ta uku, kuma ana samun ceto ta alheri, ta hanyar bangaskiya, ba ta ayyuka ba (Afisawa, sura ta 2). Baftisma a wurin mafi yawansu shaida ce ta ceton da aka riga aka samu.

Akwai kuskure guda biyu da ya kamata a gyara. Musulmi da yawa suna zaton wannan aƙida izini ce ta yin saɓo. Masu bishara ba su faɗi haka ba. Suna cewa aikin kirki 'ya'yan bangaskiya ne, kuma majami'unsu suna dakatar da mazinaci da mashayi. Su kuma suna zaton Musulmi yana sayen Aljanna da aikinsa, alhali hadisi ingantacce ya nuna babu mai shiga Aljanna da aikinsa kawai sai da rahamar Allah, har da Manzon Allah (SAW). Asalin saɓanin shi ne: shin gafara tana buƙatar jinin fansa? Musulunci ya ce Allah yana gafarta zunubai ga mai tuba ba tare da tsani ba (Zumar, 53), ya kuma kore kisa da gicciye daga Isa (Nisa'i, 157). Wannan saɓani ne na aƙida wanda ladabin zance ba ya share shi, kuma ɓoye shi yaudara ce ga ɓangarorin biyu.

Matsalolin Zamantakewa

A kan iyali, masu bishara na Nijeriya sun fi kusa da Musulmi fiye da yadda suke kusa da majami'un Turai masu sassauci. Suna haramta zina da luwaɗi da zubar da ciki, kuma shugabanninsu sun goyi bayan dokar hana auren jinsi da aka sa wa hannu a Janairun 2014. Mishan ɗin SIM ya hana mabiyansa giya. Sun saɓa wa Musulunci a kan auren mace fiye da ɗaya, da kuma saki, wanda suke tsananta shi ƙwarai. A kan hukuma, suna neman ƙasa wadda ba ta ɗauki wani addini a matsayin nata ba, shi ya sa suka yi adawa da faɗaɗa Shari'a a Zamfara da Sakkwato a 1999 da 2000. Haka nan suna ganin sauya addini haƙƙi ne na kowane mutum, wanda ya sa maganar ridda ta kasance mafi zafi tsakanin ɓangarorin.

Taron Lausanne na 1974 ya haɗa wa'azi da hidimar jama'a a matsayin wajibi biyu. Misalinsa a Gobir da Katsinar Maraɗi shi ne aikin Tony Rinaudo, ɗan mishan daga Ostareliya, wanda daga 1983 ya ƙarfafa wa manoma barin tohon kututture ya girma maimakon sare shi. Manoma Musulmi suka rungumi dabarar, itatuwa suka dawo a gonaki masu yawa. Shi yana ganin kula da halitta amana ce daga Littafin Farawa. Musulmi yana da tushen haka a maganar halifanci (Baƙara, 30) da hadisan falalar dasa itace.

Kammalawa

Isa da Sabon Birni suna cikin jarrabawar 'yan bindiga. Dubban mutane sun tsallaka zuwa jihar Maraɗi tun 2019, kuma a Agustan 2024 aka kashe Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a hannun masu garkuwa. Mai gudun hijira yana karɓar magani da abinci daga duk hannun da ya miƙo. Abin da ya hau kan malamai a nan abu uku ne. Su koyar da tauhidi da ma'anar tuba koyarwar da za ta ba talaka amsa idan an yi masa maganar fansa. Su raya zakka da waƙafi, domin wa'azi ba ya cika idan majinyaci bai sami mai duba shi ba. Su kuma tsare haƙƙin maƙwabci Kirista bisa Suratul Mumtahana, aya ta 8, su hana irin ƙone-ƙonen majami'u da aka gani a Damagaram da Yamai a Janairun 2015. Manzon Allah (SAW) ya karɓi tawagar Nasaran Najran a Madina, ya yi muhawara da su a kan Isa (AS), bai sassauta aƙida ba, suka kuma koma gida da alƙawarin aminci. Allah ne mafi sani.